ABOKAN KIWO DA KE ƘARƘASHIN ƘASA

Jawabi ga makiyaya da manoma masu kiwo na Malbaza, Ƙonni da Illela



   

Kun saba in malamin dabbobi ya tara ku, to batun rigakafi ne, ko na ciwon huhu, ko na zawon awaki. Yau ko allura guda ban ɗauko ba. Hauya na zo da ita, da gindin wake ɗaya. Kada ku ce malam ya ɓace hanya ya faɗa gonar malaman gona. Ku da kanku kun san inda asarar bisa take somawa. Waɗanda sunka ga 1973 da 1984, da waɗanda sunka ga bazarar 2010, sun san yunwa ta fi cuta kashe shanu. Ko a shekara mai kyau, in watan biyar ya kama, ku je kasuwar Gidan Idar ko ta Badagishiri ku tambayi kuɗin damin harawa, sa'annan ku tambayi kuɗin saniyar da ƙashin bayanta ya fito. Lafiyar bisa a ciyawa take, lafiyar ciyawa kuwa a ƙasa take. Shi ya sa yau muke son mu leƙa ƙarƙashin ƙasa tare da ku.

TUMBIN SANIYA DA TUMBIN ƘASA

Bari mu soma da abin da kunka sani. Ɗan Adam in ya ci kara da ƙarangiya ba ya rayuwa, amma saniya tana cin su ta ba da nono. Mi ya sa? A cikin tumbinta akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani sai da madubin likita, ana ce musu bakteriya. Su ne ke narkar da ciyawa, saniya ta amfana. Ita ta ba su masauki da abinci, su kuma su yi mata aiki.

Mata ma sun san su, ko da ba su san sunansu ba. Ɗan tsohon nonon da ake zubawa cikin madara ta kwana ta zama kindirmo, waɗanga halittu ne ake shukawa. Daddawar da ake rufewa kwana biyu ko uku har ta yi wari ta yi daɗin miya, su ne ke aikin. Ƙamshin nan da ƙasa ke yi ranar ruwan farko, wanda ke sa shanu su ɗaga hanci, wani jinsi ne na bakteriyar ƙasa ke fitar da shi.

Na san in anka ce ƙwayar da ido ba ya gani, cuta ce ke faɗo muku a rai. Gaskiya ne akwai miyagu, kamar mai kawo ciwon saifa, wadda ke kwana cikin ƙasa shekara da shekaru. Amma mai saifa da mai yin daddawa ƴan gida ɗaya ne, hali ne ya bambanta. Masu amfani sun fi miyagu yawa nesa ba kusa ba.

To, tsiro ma yana da nashi tumbi, sai dai a waje yake, kewaye da saiwa. Cokalin shayi guda na ƙasa mai rai yana iya ɗaukar bakteriya miliyan ɗaruruwa, kuma jikin saiwa ne sunka fi taruwa. Tsiron ne ke kiran su. Daga abincin da ganye ke haɗawa da hasken rana, yakan tsiyayar da wani kaso ta saiwa, kamar ruwan sukari, wani lokaci har kashi 1 cikin 5. Tsiro ba wawa ba ne da zai zubar da abincinshi a banza. Ladan ƴan ƙwadago ne yake biya. Aikin da suke yi mishi iri uku ne.

AIKI NA FARKO: TAKI DAGA ISKA

Abin da ke sa ganye ya yi kore shar, ciyawa ta gina jikin bisa, shi ne sinadarin da malamai ke kira azot, a Nijeriya su ce naitrojin. Shi ne ke cikin uriya: buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na azot. Abin mamaki, iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 azot ce. Tana bisa kowace gona, amma tsiro ba ya iya kama ta, kamar mai ƙishirwa ne a bakin rijiya ba guga.

Gugar ita ce wata bakteriya mai suna rizobiyom. Tana shiga saiwar wake, da gujiya, da ƙwaruru, da lablab wanda ake ce ma dolik. Tsiro ya gina mata ɗan ɗaki, ya ciyar da ita, ita kuma ta kamo azot daga iskar da ke ratsa ƙasa ta miƙa mishi. Ɗakunan nan su ne ƴan dunƙulen da kuke gani a jikin saiwar wanga wake da ke hannuna. Wasu na ɗaukar su ƙuraje ne na cuta. Ko kaɗan. Masana biyu a ƙasar Jamus, Hellriegel da Wilfarth, sunka tabbatar da aikinsu a 1886, wani kuma a Holand, Beijerinck, ya ware ƙwayar a 1888. Kakanninmu ba su jira su ba, tun da can suna tsarma wake cikin hatsi don sun ga gona na jin daɗi.

A daji ma haka ne. Gadagi da marak suna da dunƙule, shi ya sa suke sa bisa ƙiba, ko da yake kun san marak ɗanye a farkon damana yana kumbura ciki in bisa ta cika shi da yunwa. Gawo, da bagaruwa, da ɗakwara, da kandili duk suna cikin wanga dangi. A Senegal masu bincike sun iske rizobiyom a ƙarƙashin gawo har zurfin da ya wuce mita 30. Hatsin gindin gawo yana fin na fili kyau saboda ganyen da ke zuba da damana, da kashin bisashen da ke shan inuwa suna cin ƴaƴan da rani. Amma ku lura, ba duk mai kwanso ke dunƙule ba. Kalgo da tafasa suna yin kwanso, ba su kama azot daga iska. Amfaninsu dabam ne.

Ga inda abin ya shafe ku kai tsaye. Azot ɗin da dunƙule ya kamo shi ke zama abin gina jiki cikin harawa. Harawar wake ta ninka karan hatsi wajen gina jiki sau biyu ko uku. Bakteriyar tumbi ma in ta samu ƴar harawa ta fi ƙarfin narkar da kara. Ke nan ragon layyar da kunka turke, da akuyar da ke shayar da yara, abokan ƙarƙashin ƙasa ne ke ciyar da su.

ƘAƘA ZA KU GANE SUNA AIKI?

Gani ya kori ji. In wake ya yi mako 5 ko 6 da shuka, ku je da hauya da safe. Kada ku fizge, dunƙulen za su tsinke su zauna cikin ƙasa. Ku tono gindin da ƙasarshi, ku wanke a hankali cikin ƙwarya, ku fasa dunƙule da farce.

In cikin ja-ja ne kamar ɗanyen nama, aiki na tafiya. Jan nan ɗan'uwan abin da ke sa jinin bisa ja ne.

In fari ne, ko dai bai ƙosa ba, ko ƙwayar da ke ciki raguwa ce, tana ci ba ta aiki.

In kore ne ko ya yi baƙi-baƙi ya yi laushi, ya tsufa ya gama.

In babu dunƙule sam, ko ƴan kaɗan ne, ganye kuma ya yi rawaya, ƙasar ce ke kuka.

Masu garka a Galmi da fadamun Ƙonni, ku kiyaye da abu guda. Akwai wata tsutsa ƙarama ƙwarai da ke kumbura saiwar tumatir da kuɓewa, har da wake. Dunƙulen kirki yana maƙale a gefen saiwa, in kun murza da yatsa sai ya fita. Kumburin tsutsa kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura, ba ya fita, kuma cikinshi ba ja ba ne.

AIKI NA BIYU: BUƊE RUMBU DA ƘARA SAIWA

Ƙasarmu ta jigawa tana da ƙarancin wani sinadari, fosfor, wanda ke sa saiwa ta kama, tsiro ya yi ƴaƴa. Ɗan wanda ke akwai ma galibi a kulle yake cikin ƙasa kamar hatsi a rumbun da anka liƙe. Wasu bakteriya na fitar da ruwa mai tsami da ke narkar da shi, saiwa ta sha. Shi ya sa garin dutsen fosfat na Tawa, wanda ba ya narkewa da wuri, ya fi aiki in an haɗa shi da taki cikin rami ya ruɓe tare.

Hatsi da dawa da gamba ba su yin dunƙule, amma su ma ba marayu ba ne. Akwai masu zama a bayan saiwarsu, kamar wadda ake kira azospirilom, da wata masaniya a Birazil, Johanna Döbereiner, ta yi suna wajen bincikenta a shekarun 1970. Babban aikinta shi ne fitar da wani abu da ke sa saiwa ta yi rassa da gashi da yawa. Nan wurinmu, inda ruwa kan ɗauke kwana 15 ko 20 a tsakiyar damana, tsiro mai yawan saiwa shi ke jure ƙishirwa.

AIKI NA UKU: TSARON SAIWA

Cututtuka da yawa ta ƙasa suke kama tsiro: ruɓewar saiwar albasa, mutuwar ɗanyen iri a gadon reno, da wadda ke busar da wake in zafi da fari sun haɗu, ku ga gindin kara ya yi toka-toka da ɗige-ɗige baƙi kamar garin gawayi. Abokan saiwa suna tare su ta hanya huɗu.

Ta ɗaya, suna cika wuri. Rijiyar da garke ya riga ya kewaye, baƙuwar saniya ba ta samun bakin kwami.

Ta biyu, suna ƙwace abinci. Ƙwayar cuta na bukatar ɗan sinadarin ƙarfe don ta yaɗu. Wasu bakteriya, irin su sudomonas, suna riga ta kama shi, ta rame.

Ta uku, suna yin magani. Wannan ba tatsuniya ba ce, maganin yana cikin jakata. Allurar oksitetrasiklin da kunka sani, daga wata bakteriyar ƙasa anka samo ta a 1950. Ibarmektin na tsutsar ciki da kaska, wanda ya shiga kasuwa a 1981, asalinshi wata bakteriya ce da anka tono cikin ƙasar Japan. Dukansu dangin mai ƙamshin ruwan farko ne. Tun kafin likita ya sa su a kwalba suna wanga yaƙi a cikin ƙasa.

Ta huɗu, suna farkar da tsiro. Kamar yadda rigakafi ke sa jikin bisa ya shirya kafin cuta ta iso, zaman wasu bakteriya a saiwa yana sa tsiro duka, har ganye, ya zauna cikin shiri.

Amma in faɗa muku gaskiya, rage cuta suke, ba su kawar da ita ƙaf. Gadon da cuta ta riga ta cika, dole a canza mishi shuka. Ba su hana fara, ba su hana tsuntsu.

Ga kuma batun ƙuduji. Kun lura gonar da ta gaji ita ƙuduji ke ci. Dalili shi ne hatsin da ke jin yunwar fosfor da azot yana fitar da wani kira ta saiwa don neman taimakon wasu ƙananan halittun ƙasa. Irin ƙuduji da ke kwance shi ma yana jin wanga kira, sai ya tsiro ya kama saiwar. Hatsin da ya ƙoshi ba ya yawan kira. Taki da wake suna rage ƙuduji ta wagga hanya, tare da tuge shi kafin ya yi fure.

MI KE KASHE SU?

Yunwa da rana. Gonar da anka kwashe kara, da harawa, da ganye, har da tushiya, anka bar ta tsirara, fuskar ƙasarta a watan huɗu da na biyar tana wuce digiri 50 da tsakar rana. Ku da kanku ba ku iya taka ta ba takalmi. Wuta ma haka, ko ta sassabe ko gobarar daji: abincin shanu da abincin ƙasa take ci lokaci guda. Makiyayar da bisashe ke kwana a kanta rani da damana ba hutu, gadagi ba ya samun zubar da iri, sai garmani ya gaje wurin, daga nan sai fako.

Akwai laifin da ke wuyanmu mu masu kiwo. Allurar da ake saye a tebur a kasuwa, a yi ta ba ƙa'ida ba awo, wani kaso nata ta kashi da fitsari yake fita. Ibarmektin da ke cikin kashin shanu yana kashe ƴaƴan buzuzu, alhali buzuzu shi ke binne mana taki kyauta. Ku bari ma'aikacin kiwo ya duba bisa kafin a yi mata allura.

ABIN DA MUKE ROƘON KU

1. Ku ƙara wake cikin gona, kuma ku riƙa juyawa: inda anka yi hatsi bana, baɗi wake ko gujiya. Wake tsilli-tsilli, gindi nan gindi can, azot kaɗan yake kamawa. Ku tambayi malaman gona iri mai ba da ƙwaya da harawa duka, kamar TN5-78 na INRAN, ko iri mai jure ƙudujin wake in yana damun ku.

2. Ku yanke harawa da lauje, ku bar saiwa da dunƙulenta cikin ƙasa. Ku shanya a inuwa, ku ɗaure kafin ganye ya kakkaɓe, don ƙarfin a ganye yake.

3. Ku mai da ma gona abin da kunka ɗauka. Wannan shi ne babba. Mafi yawan azot ɗin wake yana cikin ƙwaya da harawa. Wanda ya kwashe su ya sayar, bai mai da taki ba, gonarshi ba ta ci ribar komi ba. Fosfor a kashin bisa yake fita, azot kuwa kaso babba a fitsari. Gwajin da anka yi a cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai ya nuna hatsi ya fi kyau inda shanu sunka kwana a gona, kashi da fitsari sunka zuba tare, bisa inda anka kai busasshen kashi kaɗai. A gida ku shimfiɗa ragowar kara a turke ta sha fitsari. A gona ku riƙa gusa makwancin garke bayan ƴan kwanaki.

4. Ku raya tsohuwar amana tsakanin manomi da makiyayi. Bayan sakin gonaki, garke ya kwana a gona, mai gona ya ba da hatsi da ruwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku jira ranar da hukuma ta sa, kada a shiga gona kafin lokaci, kada kuma a nome burtali. In saɓani ya taso, ga hakimai, ga kwamitin COFO.

5. Kada ku watsa uriya da yawa a wake. In ya samu azot a sauƙaƙe sai ya daina gina dunƙule, kamar yaron da anka saba ba kuɗi ya ƙi gona. Fosfor yake so. Ɗan supa, ko ɗan tsunkule a gindin shuka, giram 2 na DAP ko giram 6 na 15-15-15, ya fi a watsa buhu a iska.

6. Ku bar wani kaso na kara a gona, musamman a kan fako. Gara za ta zo ta huda ƙasa, ruwa ya shiga. Mutanen Illela ba sai an koya musu ba: tun da manomansu sunka je Yatenga ta Burkina a 1989 sunka dawo da dabarar tassa, fako nawa ya koma gona? Abin da ke rayar da ramin tassa da rabin-wata shi ne ɗan takin nan da ake zubawa, don abinci ne kuma iri ne na waɗanga halittu, kamar tsohon nono a cikin madara.

7. Ku sassabe ku bar ƴaƴan gawo da bagaruwa. In za ku yi ma bisashe sara da rani, ku rage rassa, kada ku yi ma itace aski.

BATUN NA SAYARWA

Wani zai ce, malam, ba a sayar da su a leda? Ana sayarwa. A Birazil manoman waken suya suna shafa rizobiyom a jikin iri maimakon zuba uriya, har wata masaniyarsu, Mariangela Hungria, ta samu babbar lambar yabo ta duniya kan abinci a 2025 saboda wanga aiki. A Nijeriya cibiyar IITA ta Ibadan ta yi wani mai suna NoduMax don waken suya. Amma kowane tsiro da irin tashi ƙwaya, ta waken suya ba lalle ta yi ma wakenmu ba. Wakenmu da gujiya galibi suna iske abokansu a cikin ƙasarmu. Kuma abu ne mai rai: ledar da ta wuni a rana bisa tebur, gawa ce za ku saya. In za ku gwada, ku bi ta hannun malaman gona, ku duba ranar ƙarewa, ku gauraya a inuwa, ku shuka ranar cikin ƙasa mai danshi. Ku yi kunya biyar da shi, biyar babu, ku gani da idonku. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

KAMMALAWA

Jama'a, abin zagaye yake. Dunƙule ya ciyar da wake, wake ya ba da harawa, harawa ta ciyar da bisa, bisa ta ba da taki, taki ya ciyar da abokan saiwa. Inda duk anka yanke igiyar, can asara ke shigowa, kuma bisa ce ke fara biya da bazara.

Ga aikin da za mu bar muku. Damana mai zuwa, in Allah ya kai mu, kowa ya tono gindin wake biyar a inda garke ya kwana, biyar a inda bai kwana ba. Ku ƙirga dunƙulen, ku fasa ku duba launi, ku nuna ma yaranku. In mun zo rigakafi da kaka ku faɗa mana abin da kunka gani, mu kuma mu kai ma na gaba.

Allah shi ba mu damana mai albarka, shi tsare mana bisashe, shi ba mu zaman lafiya tsakanin gona da garke. Mai tambaya ya ɗaga hannu, iyayenmu mata su fara.